Aina'u Jikar Magaji

A Gangaren Marke, wani ƙauye da ke gabas da Minjibir, inda gona ke manne da gona har akuya ba ta samun wurin kiwo da damina sai a turke, babu wanda bai san Aina'u mai man gyaɗa ba. Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar kullum ta bar tukunya a wuta. A nan aka haife ta, a nan ta auri ɗan baffanta Auwalu, a nan kuma ta binne shi tun 'ya'yansu huɗu ba su gama tasawa ba. Da matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli ta raine su, da ɗan abin da gonar gado ke bayarwa na gero da dawa.

Mutanen garin suna yi mata shaidar abu ɗaya: idan ta sa kanta a kan magana, ba ta sauka. An taɓa sace mata tunkiya, maza suka ce ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa, amma za ta taya da ƙafa. Kasuwa uku ta bi har ta gano ta a hannun wani mahauci, ta jawo abarta da igiya ta dawo gida ana kiran la'asar.

Tana da shekara hamsin da 'yan kai babban ɗanta Naziru, mai aikin saka wayar lantarki a sababbin gidajen da ake ginawa a Ungogo, ya ga yarinyar da yake so. Raudatu sunanta, 'yar Alhaji Jamilu mai sayar da hatsi, mutanen cikin birni ne da suka fito bayan gari da zama. Kamar yadda aka saba, iyayen yarinya suka turo a binciki asalin yaro. Wanda ya kawo wa Aina'u sakamakon shi ne yayanta Muhammadu Sani. Ya same ta tana murza gyaɗa a tsakar gida, ya ja turmi ya zauna.

"Sun ce yaro ba shi da aibu," in ji shi. "Salla, sana'a, ladabi, duk sun yaba. Sai dai an gaya musu mu baƙi ne. Wai kakanmu saukowa ya yi, ba a san daga ina ba."

Aina'u ta dakata da murza. "Baƙi? Ni da aka binne cibiyata a bayan ɗakin can?"

"Haka suka ce. Sun ce a ba su lokaci su yi shawara."

"To, Yaya, ka je ka gaya musu inda ya fito mana."

Sani ya cire hula ya shafa kansa.

"Daga arewa dai," ya ce.

"Arewa ai ba gari ba ce."

Sani ya mayar da hularsa. Wannan rashin sanin nasa ya fi maganar surukan yi mata ciwo. Ta ga ashe mutanen ba ƙarya suka yi ba. Ga su zuriya guda, gidaje sun kai goma a garin, amma babu mai iya faɗin sunan uban kakansu.

Kakan nan Usmanu sunansa, amma Magaji kowa ke ce masa. Aina'u ta riske shi tana ƙarama. Dogo ne marar magana, kullum yana gindin marke yana tufkar igiya. Ba ya cin abinci a titi, ba ya zuwa ƙofar dagaci sai an aiko. Matarsa Goggo Ma'u kuwa bakinta bai taɓa zama na Kano ba har ta mutu, "hwaɗa mashi" take cewa, jikoki suna kwaikwayonta suna dariya. Akwai kuma wani abu da Aina'u ta tuna: wani tsoho da kan zo bayan girbi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gaban Kaka ya ce, "Ranka shi daɗe." Kaka ya ɓata rai ya ce masa ya tashi, ba a yin haka a nan.

Da wannan ɗan guzurin ta fara. Ta bi tsofaffin garin ɗaya bayan ɗaya, tana kai musu ƙuli-ƙuli mai taushi saboda haƙora. Wan liman, wanda ya fi kowa shekaru, ya ce yana yaro su Magaji suka iso, lokacin yaƙin duniya na biyu, da jaki ɗaya da mace da goyo. Ya ce ta hanyar Bichi suka ɓullo. Daga nan bai san komai ba.

Sai Aina'u ta sauya kasuwa. Maimakon Minjibir da ta saba kai mai, ta fara ɗora jarkokinta a mota zuwa Bichi, wani lokaci har Tsanyawa, inda ƙasar Kano ke haɗuwa da ta Katsina. Tana awo tana tambaya. Duk wanda ta ga furfura a kansa sai ta ce, "Baba, ko ka taɓa jin wani Usmanu Magaji da ya bar garinsu zamanin yaƙi?" Wasu su yi dariya, wasu su ce Usmanu ai ya fi gero yawa. Labari ya bazu cewa akwai wata mata da ke neman kakanta. Ran nan wani maroƙi ya zo ya tsaya a kanta, ya ɗaga murya.

"Jikar sarakuna! Na san gidanku sarai. Daga Barno kuka fito, jikokin mai tambari da algaita!"

Ya jero mata sunaye bakwai ba tare da ya haɗiye yawu ba. Mutane suka taru. Aina'u ta bari ya gama, sannan ta ce, "Madalla. To matarsa fa, wa take da suna?"

Maroƙi ya ce, "Hajiya, mata ai ba sa shiga lissafin sarauta."

"A namu gidan suna shiga. Ga ƙuli ka ci don wahalar muryarka, amma ka tafi da kakanninka, ba nawa ba ne."

Da ta ba Sani labari a gida, faɗa ya kama ta da shi. Ya ce da ta karɓa, ai an huta, wa zai je Barno ya tambaya? Ta ce ita za ta sani, kuma duk ran da jikanta ya tambaye ta, ba za ta iya kallon idonsa ta faɗi abin da ta saya a kasuwa ba.

Hasken farko daga bakin wata mai sayar da daddawa ya zo, Bakatsiniya, da suke jere a rumfa ɗaya a Tsanyawa. Ta saurari labarin tsohon da ke tuɓe takalmi, ta ajiye faifan hannunta.

"Ke, baiwar Allah, a wajenmu Magaji ba suna ba ne kawai. Mai rawanin gari ke nan, wanda ku kuke ce ma dagaci. In har ana durƙusa mashi, to kakanki gari ya riƙe."

Aina'u ta zauna a kan jarka. Shekara da shekaru suna kiran mutum da sarautarsa, suna zaton laƙabi ne. A motar komawa tana ta juya abin a ranta: me zai sa mai gari ya bar garinsa ya zo ya ƙare yana tufkar igiya a ƙasar da ba a san shi ba?

Ana cikin haka Alhaji Jamilu ya aiko. Ya ce ya sa ido a kan Naziru tsawon shekara, bai ga abin ƙi ba, kuma 'yarsa ta ƙi kowa sai shi, don haka a turo magabata. Aka ɗaura aure bayan girbi, aka yi biki lafiya. Da hayaniya ta lafa, Naziru ya zo ya durƙusa a gaban uwarsa.

"Inna, tunda an yi, ki huta da yawon nan. Ƙafarki kumbura take yi."

"Kai ka samu abin da kake nema," ta ce. "Ni ban samu nawa ba. Da farko don kai na fara, yanzu kuwa don kaina ne."

Akwai wata malamar tarihi a makarantar 'yan mata, Malama Juwairiyya, da ke sayen mai a wajenta. Ita ta gaya mata cewa Turawan mulki sun rubuta sunayen masu gari, da wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe, kuma takardun suna nan a gidan adana tarihi a Kaduna, kowa yana iya zuwa ya nema. Aina'u ta yi yaƙi da jahilci, tana karanta Hausa a hankali tana bi da yatsa, amma Turanci ko kalma. Ta dubi Naziru ta ce ya nemi ranar da ba shi da aiki.

Ba ta taɓa wuce Zariya ba sai wannan karon. Ɗakin da aka kai su shiru ne, sai ƙarar fanka da warin tsohuwar takarda. Wani ma'aikaci mai haƙuri ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce ƙasar Katsina gundumomi ne da yawa, kowace da tarin fayil ɗinta, sai dai su fara da na kan iyaka. Aka riƙa fito da su ɗaure da zare, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su a ruwan goro. Naziru yana karantawa yana fassarawa, ita tana zaune da carbi, ta miƙe ƙafar da ke ciwo a ƙarƙashin tebur. Zuwan farko ba su sami komai ba. Na biyu ma haka, har Naziru ya fara ƙunƙuni a mota. Ta ce masa in ya gaji ya koya mata yadda ake rubuta Usmanu da Magaji irin na Bature, ta zo ita kaɗai ta riƙa duba su. Kunya ta sa ya sake rako ta.

A wancan zuwan ne suka ci karo da Usmanu biyu da suka bar rawani a shekarun yaƙi. Ɗaya an ce ya rasu. Ɗayan, Magajin wani gari Ruwan Gamji, layi biyu kawai aka rubuta a kansa: an tuɓe shi saboda ya ƙi ba da mutanen da aka nema. Ba a faɗi inda ya tafi ba, ba a faɗi sunan ubansa ba.

"Shi ne, Inna!" in ji Naziru.

"Ba mu sani ba tukuna. Takarda ta ba mu sunan gari. Sauran sai a bakin mutane."

Ruwan Gamji ta je ita kaɗai, da rani, mota biyu da babur. Gari ne ƙarami a cikin jigawa, gamjin ma babu shi, sai kututture. Ta fara da ƙofar Magajin yanzu, kamar yadda ya dace. Mutumin kirki ne, matashi, ya sa aka kawo mata fura. Ya ce ya san kafin kakansa wani gida ne ke riƙe da garin, amma dattawa ba sa son zancen. Ya haɗa ta da wata mata ta kai ta wurin Baba Safiyatu, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a garin, idonta ya tafi amma hankalinta garau.

Suka same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube. Aina'u ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce daga ƙasar Kano take, tana neman labarin Magaji Usmanu. Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin ƙwarya.

"Ke mece ce tashi?"

"Ina zaton jikarsa ce, Baba. Ban tabbatar ba."

"Kada ki hwaɗi komi, bari ni in hwaɗa. Matarshi Asma'u, ɗiyar Sarkin Ƙira, Ma'u ake ce mata. Sun fita da goyo, namiji, Ɗanlami. Ƙaramin yatsanshi na hagu a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa."

Ɗanlami shi ne baffan Aina'u, uban mijinta. Yatsan kuwa ta sha riƙe shi tana ƙarama. Sai hawaye suka zubo mata. Tsohuwar ta ji shesshekarta, amma ba ta miƙo hannu ba.

"To kin samu," ta ce. "Ni ɗiyar ƙanenshi ce, Halilu. Zauna da kyau ki ji, don ba labarin daɗi ba ne duka."

Ta ce a shekarun yaƙi aka riƙa ɗiban maza ƙarfi da yaji ana kai su haƙar kuza a duwatsun Jos, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Karon farko Usmanu ya bi umarni, ya zaɓi samari ya bayar da hannunsa. Waɗanda suka dawo sun dawo da tari, ƙafafu a kumbure, wasu kuwa sai labarinsu. Da aka sake aikowa karo na biyu, ya tara samarin gari ya ce kowa ya shiga daji, kada ya ga ɗaya. Shi kuma ya hau jaki ya tafi wurin hakimi, ya kwance rawaninsa ya ajiye, ya ce ba shi da mutum ko ɗaya da zai bayar. Aka tsare shi. Dogarai suka zo garin, ba su sami samari ba, sai suka kwashi magidantan da suka tarar a gida.

"Har da ubana," in ji Safiyatu. "Ina riƙe da rigarshi aka ɓamɓare hannuna. Sanyin can ya kashe shi, ko kabarinshi ba mu sani ba. Da aka sako Magaji ya dawo, uwata ta fito tsakar gari ta ce mashi ya ceci 'ya'yan wasu da ran ƙanenshi. Bai kwana uku ba ya bar garin."

Aina'u ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zo da fatan ta koma da abin alfahari, ga shi ta tarar da marainiyar da abin ya faɗa wa. Ta ce, "Baba, kin yafe masa?"

"Sai da na tsufa. Samarin da suka shiga daji, rabin garin nan jikokinsu ne. Wanda ke zuwa gaishe shi can wajenku, uban biyu daga cikinsu ne. Na daɗe ina ganin yaran suna girma ina jin haushi. Daga baya na ce, da ni ce da rawanin, me zan yi? Ban samu amsa ba, sai na bar shi da Allah." Ta ɗan juyo da fuska. "Ya sha wuya can?"

"Bai yi arziki ba. Bai kuma taɓa roƙon kowa ba. Ban taɓa ganin dariyarsa ba, Baba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali. Sai a lokacin ta lalubo hannun Aina'u, ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, ta ce hancin gidansu ne.

Mako guda ta yi a ɗakin Safiyatu. A nan ta karɓi sauran. Usmanu ɗan Magaji Barau ne, Barau ɗan Magaji Nagoma, Nagoma ɗan Jatau maharbi, wanda ya fara sare daji ya haƙa rijiya a gindin gamji, mutane suka taru a kansa har aka naɗa shi. Safiyatu ta san matansu ma, da garuruwan da aka auro su. Aina'u ta sa ta maimaita, ita ma ta maimaita, har suka zauna mata kamar karatun allo. Magajin garin ya sa aka nuna mata kangon gidan, da rijiyar da har yau ake sha.

Da ta dawo Gangaren Marke ta tara zuriya a gidan Sani, maza a zaure, mata a soro na ciki inda za su ji. Ta faɗi komai, ba ta rage labarin Halilu ba. Ba ta rufe baki ba Sani ya miƙe.

"Ashe rawaninmu ne! Sai mu haɗa dattawa mu je mu nemi hakkinmu."

"Yaya, zauna," ta ce. "Mai rawanin da hannunsa ya kwance ya ajiye. Gidan da ke riƙe da shi yanzu sun kai shekara tamanin suna ɗawainiyar mutanen nan, kai ko hanyar garin ba ka sani ba. Abin da muke da shi a can tsohuwa ce makauniya da ba ta da ɗan'uwan uba ko ɗaya a kusa. In za ka haɗa dattawa, haɗa su mu je mu gaishe ta."

Sani ya yi fushi, ya yi kusan wata ba ya shiga gidanta. Amma ranar da aka cika mota za a tafi Ruwan Gamji, shi ne a gaba, da buhun gero da turmin atamfa. Har yanzu yakan ce wa abokansa a majalisa shi jinin sarauta ne, Aina'u kuwa ba ta hana shi, tunda gaskiya ce.

Da Raudatu ta haihu, aka aika mota ta ɗauko Safiyatu don suna. Ta zo da niyyar kwana biyu, ta yi kaka guda. Alhaji Jamilu ma ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta yi masa tambayoyi a kan nasa kakannin har ya fara gumi, mata suna dariya a bayan labule. Yaron aka sa masa Halilu. Da aka ɗora mata shi a cinya aka faɗa mata sunan, ta sunkuyar da kai a kansa ta daɗe ba ta ɗago ba.

Kafin ta koma gida ta roƙi Aina'u abu ɗaya. Ta ce tunda Allah ya ba ta ƙafa da naci, ko za ta duba mata inda aka binne mutanen ɗiban gwamna, ko da ba a gane kabarin ba, a dai tsaya a wurin a yi addu'a.

Safiyatu ta rasu da damina mai zuwa. Aina'u ba ta ɗauki wannan a matsayin an sauke mata alkawari ba. Ta tambayi direbobin da ke ɗauko dankali daga Jos, ta samu sunan wani tsohon limami a wata unguwar Hausawa da aka ce ubansa ya yi wa irin waɗannan mutane salla. Bayan an kai amfanin gona gida, ta bar wa 'yarta tuya, ta sayi rigar sanyi mai kauri a gwanjo, ta ɗaure ƙafarta da bandeji. Naziru ya kai ta tashar motocin Jos a babur, yana ta cewa ta jira ya samu hutu su tafi tare. Ta ce ya kula da Halilu, ta miƙa wa yaron mota jakarta, ta shiga ta zauna kusa da taga.